Babanmu Ba Ya Cin Abinci Sai An Yi Waƙar Fada

Daga admin: wata 'yar'uwarmu ce daga Tamale ta turo, ta ce a sakaya sunanta. A ba ta shawara cikin mutunci, ban da zagin addinin kowa.

Assalamu alaikum mutanen wannan gida, manya da yara. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle, na kasa zaune na kasa tsaye. Ku yi haƙuri da Hausata, ta zango ce, inda na karkace ku miƙe da kanku. Kuma tun yanzu ina roƙo, wanda zai zo ya rubuta min "ki ji tsoron Allah" kawai ya wuce, to ya riƙe abinsa, ina jin tsoron Allah tun kafin a haifi wasunku, mafita nake nema.

Ni mace ce, na haura hamsin, atamfa nake sayarwa a kasuwa. Da maigidana ya rasu sai na koma gidanmu a Dabokpa ina kula da Babanmu. Baba shi kansa bai san shekarunsa ba, amma ya kai tamanin ko ya ɗara. Kafinta ne, Alhaji ne, rufin masallacin layinmu da hannunsa ya buga shi. Tun bara ciwon mantuwa ya kama shi, ya fara da sunayen jikoki, ya zo kan namu, yanzu ni da ya haifa Mma yake ce min, bai san ko wace ce ni ba. Salla ce kaɗai bai manta ba, yana jin kira zai fara laluben buta, ko da kuwa azahar ɗin raka'a shida zai yi mata.

Sai na koma baya kaɗan don ku gane. Kakanmu falke ne, daga arewa yake zuwa sarin goro, ya taho da Baba yana ɗan ƙaramin yaro, ciwo ya kama shi a hanya ya rasu a nan Tamale. Abokan tafiyarsa suka ce wa yaro ya jira su a tashar lori, in sun dawo daga kudu za su biyo ta kansa, har yau suna biyowa. Wannan a shekarun da Turawa suke haɗa kayansu ne, gari ya ɗauki kiɗa da rawa an samu 'yanci. Baba ya sha ba mu dariya, wai shi abin da ya riƙe game da 'yanci, ranar an dafa shinkafa kyauta, manya suka tuttura su yara, ko loma bai samu ba. Ƙarƙashin lori yake kwana, da rana ya yi dako, ya wanke wa masu tuwo kwanoni su bar masa ƙanzo.

To akwai wani Fada Bature mai yawo a keke, shi yake bin tasha da bayan kasuwa yana tattara irin waɗannan yara, ya kai su wani fili a bayan cocinsu, ya wanke musu gyambo, ya ciyar da su, ya sa a koya musu sana'a. A can Baba ya koyi kafinta. Bai taɓa ɓoye mana wannan ba, kuma kullum sai ya ƙara da cewa shi ruwan baftisma bai taɓa kansa ba, Fada ya yi masa tayi, ya ce a'a shi ubansa Musulmi ne, Fada ya ce to je ka ɗauki zartonka. Iyakar abin da muka sani ke nan.

Bayan sallar layya sai Baba ya daina cin abinci. Ana ajiye masa kwano sai ya miƙe tsaye, ya kai hannuwa baya, ya zuba wa ƙofa ido. Baba zauna, ba zai zauna ba. Baba ci, sai ya ce tukuna. Ba abin da ban dafa ba, tuwon zafi da miyar ayoyo, wato lalo, da yake so kamar ransa, wake da shinkafa, koko da ƙosai, farfesun zabo, duk haka za su huce a gabansa yana tsaye yana haɗiyar yawu. In na kai cokali bakinsa ya kau da kai, in na matsa ya fara kuka. Ruwa da shayi kaɗai yake kurɓa, su ma sai in ba a kwano ɗaya da abinci aka kawo su ba. Muka je asibiti, dokta ya duba maƙogwaro ya duba ciki ya ce ba komai. Aka yi rubutu, aka yi tofi. Mutum yana ta zubewa a gabana, zanin da nake ɗaura masa har ya fara zagaye shi sau biyu.

Ana cikin haka sai ga Baba Atinga ya zo dubiya. Shi mutumin wajen Bolga ne, tare suka yi kwanan tasha da Baba, tare Fada ya ɗauke su, amma shi ya shiga addinin Fada, har ya tsufa yana koyar da yara a cocinsu can Kanvili. Abotarsu kuwa ba wanda bai sani ba, da layya cinyar rago tasa ce, da Kirsimeti zabinsa suna isowa gidanmu tun da safe. Ya shigo da sandarsa daidai lokacin abincin rana, ya ga Baba a tsaye hannu a baya, ya dubi kwanon, ya dubi Baba, sai kawai na ga hawaye yana bin fuskar tsoho. Ya ce in kawo masa wani abu na ƙarfe. Na rasa me zan ba shi, na jawo silindar gas da ludayi. Ya buga, ya cire hularsa, ya rera wata 'yar gajeriyar waƙa da Dagbanci, yaren mutanen garin nan, ya taɓa goshi da ƙirji da kafaɗu yadda suke yi. Baba yana tsaye kai a ƙasa, bakinsa a rufe. Ana gamawa ya zauna, ya ce bismillahi da ƙarfi, ya cinye tuwon nan tas, ya suɗe hannu, ya miƙo min kwano wai ko akwai saura. Wallahi zama na yi a ƙasa ina kuka ina dariya kamar wata taɓaɓɓiya.

Baba Atinga ne ya warware min. Ashe a gidan Fada ba mai taɓa abinci sai an buga wani tsohon ƙarfen tayar lori da aka rataye a bishiya, kowa ya tsaya, an yi waƙar godiya. Wanda ya riga ya sa hannu, ranar ya rasa rabonsa, wanda ya cika maimaitawa kuwa ana iya sallamarsa. Yaran Musulmi ba a tilasta musu yin waƙar, tsayawa kawai suke yi shiru har a gama, sannan su yi bismillarsu. Kuma Mma da yake ce min, sunan da suke kiran matar da take dafa musu abinci ne.

"'Yata, ba ƙin abincinki yake yi ba," in ji shi. "Ladabi yake yi, jira yake mu gama."

Daga ranar kullum Baba Atinga sai ya hau yalo-yalo, keken hayan nan namu, tun daga Kanvili ya zo da rana, ya buga silinda ya yi waƙarsa, su ci tare. Baba ya fara murmurewa, kumatu suka dawo, har tsokanar jikoki ya koma yi. Ni ban ga wani abu a ciki ba, ko kuma in ce ban tsaya dubawa ba, ubana yana cin abinci, me ya fi min wannan?

Sai ranar da Yaya ya zo ya tarar. Yaya shi ne babbanmu, a Jisonayili yake zaune, malami ne, yana jan salla a unguwarsu. Kada ku ɗauka mugu ne, duk Juma'a shi yake zuwa ya yi wa Baba wanka da aski, ya yanke masa farce. Bai ɗaga murya a gaban tsoho ba, ya bari aka gama, ya raka Baba Atinga har bakin titi, ya yi masa godiya, sannan ya roƙe shi kada ya ƙara zuwa a lokacin abinci. Da ya dawo kuwa muka yi ta. Ya ce tsohon nan yana bakin tafiya, ba mu san ranar ba, yaya za a yi abin da yake shiga kunnensa kullum ya zama waƙar coci, a ɗakin Alhaji, maƙwabta suna ji ta taga. Na ce ai Baba ba ya yin waƙar, tun yana yaro bai yi ba, kuma wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. Ya ce an ɗauke masa, amma mu ba a ɗauke mana ba. Na ce to ina mutanenmu suke lokacin da yake kwana ƙarƙashin lori, wa ya miƙa masa ko tabarma? Ya ce alherin da aka yi masa yana nan, ba wanda ya musa, amma ba da imanin gida za a biya shi ba. Na gaya masa maganganu, shi ma ya gaya min, ƙannenmu duk suka bi bayansa, har da wadda take Accra da rabonta da ganin Baba tun bikin ɗanta, ita ce ma ta fi kowa zaƙewa a waya.

Tun daga nan muka koma gidan jiya, kuma kafin ku fara jero min dabaru, bari in gaya muku waɗanda na gwada. Na buga silinda da kaina na karanta Fatiha, Baba ya shafa ya ce amin, ya ci gaba da tsayuwarsa. Na tura 'yata Kanvili ta ɗauko muryar Baba Atinga a waya, na kunna masa, ya waiga hagu ya waiga dama, ya ce in kashe rediyon nan kada Fada ya ji. Na yi tunanin in riƙa kai shi can gidan Baba Atinga ya ci, to ana fita da shi ƙofar gida yake rikicewa, ya riƙe ƙyaure yana ihu. Har waƙar na gwada yi da bakina, Allah Ya yafe min. Dagbanci ina jinsa kamar Hausa, kuma farkonta godiya ce kawai ga Naawuni, wato Allah, saboda ruwan sama da hatsi, ba abin da Musulmi zai ƙi a ciki. Ƙarshenta ne ake ambaton abin da ni ba zan iya faɗa ba. Na yi farkon na tsaya, Baba ya ɗago ya dube ni ya ce saura. Harshena ya ƙi, ni ma ban so ya yarda ba.

Yanzu dokta ya ce tunda haka ne sai a zura masa roba ta hanci a riƙa ɗura masa abinci, kuma nas ta gaya min gaskiya, masu irin ciwonsa fizge ta suke yi, dole sai an ɗaure hannuwansa a jikin gado. Yaya ya amince, an sa farkon mako mai zuwa. Ni kuma na kasa yarda a ɗaure hannuwan nan. Gobe Yaya zai tafi Kumasi ɗaurin aure, sai Lahadi zai dawo. Na kira Baba Atinga ina kuka, ya ce shi ba zai shiga gidan da aka sallame shi ba sai in ɗan gida ne ya ce ya zo, amma kullum da rana yana zaune da hularsa da sandarsa a kusa, in na ce zo zai zo.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma ina jin tsoro. Idan Yaya ne yake da gaskiya fa? Idan na kira Baba Atinga, Allah Ya ɗauki ran Baba a wannan makon, da wane ido zan kalli 'yan'uwana, kuma me zan ce gobe kiyama? Wani lokacin ina cikin yanka atamfa sai in ga na tsaya da almakashi a hannu, mai saye tana min magana ban ji ba. Wani lokacin kuma haushi ne yake cika ni, in ce wane irin abu ne wannan, tsoho yana mutuwa da yunwa ga abinci a gabansa, saboda waƙar da ba ta kai tsawon alwala ba.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto shi ne na yau. Na kai masa koko mai zafi da rana, ya miƙe kamar kullum, amma yau ƙafafun ba su ɗauke shi ba, sai da ya dafa bango. Ya daɗe yana kallon ƙofa, sannan ya yafito ni, ya kama bakin mayafina, ya yi ƙasa da murya kamar yaron da yake tsoron a ji shi.

"Mma, laifin me na yi wa Fada? Wallahi ban taɓa kwanon ba. Ki ba shi haƙuri, ki ce kada ya mayar da ni tasha."

Na ce masa bai yi laifin komai ba, ba wanda zai mayar da shi ko'ina. Ya gyaɗa kai, ya mayar da hannu ɗaya baya, ya ci gaba da jira, kokon ya huce na ɗauke.

Malaman da ke gidan nan, da ma'aikatan asibiti, da duk wanda ya taɓa jinyar tsoho, don Allah ku faɗa min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba. In bari a ɗaure shi a sa masa robar kamar yadda Yaya ya yanke? Ko in jira motar Yaya ta tashi gobe, in ɗauki waya in ce wa Baba Atinga zo? Ku amsa min yau, don gobe da rana zai sake miƙewa, kuma ban san ko ƙafafun za su ƙara ɗaukarsa ba.