Jakar Sefa da Na Ɗaure a Ƙuguna

Ku matso kusa, 'ya'yana da jikokina, ku ara min kunne, tsohuwa za ta yi magana. Da ma tatsuniya na kawo muku, da na fi kowa murna. Ina gaishe ku cikin sunan Ubangiji, ina gaishe da mai kula da wannan shafi. Ni ban shiga aji ba ko na yini ɗaya. Maƙwabciyata ce, tsohuwar malamar asibiti, take rubuta abin da nake faɗi, ta kuma yi min alkawari ba wanda zai ji a bakinta. Ku ɓoye sunana. Sunayen da za ku ji ma ba na gaskiya ba ne. Roƙona ɗaya: ku ji ƙarshe kafin ku yanke min hukunci.

Autata tana aure a Lome, can ƙasar Togo. Bara ta haihu, aka sa ranar Lahadin da za a miƙa jaririn a majami'a, ta ce lallai ni zan riƙe shi a gaban bagadi. Babban ɗana, in kira shi Bulus, ya ce mu tafi a motarsa, ni da shi da matarsa Ladi. Muka cika but ɗin motar da citta da acca da daddawa da galan na zuma, muka bar Kafanchan ranar Alhamis. Ni da ban taɓa wuce Kaduna da Jos ba, sai ga ni kwana biyu a hanya, ƙafafuna sun kumbura, Ladi tana matsa min su duk inda muka tsaya. Ranar Asabar da safe muka tsallaka boda muka shiga ƙasar Benin. A nan Bulus ya canza naira zuwa kuɗinsu, sefa, ya zuba cikin wata 'yar jakar fata mai zif, ya miƙa wa Ladi ya ce, “Riƙe wannan da kyau, na masu get ne.”

To, ku tsaya in gaya muku wace ce ni. Marigayi mijina mai bishara ne. Na taɓa zama da shi a bakin hanya wajen Kujama tun safe har rana ta karkata, babur ɗinmu a jingine, don ya ƙi ba masu shinge abin da suke nema. Tun ranar na yi wa Allah alkawari hannuna ba zai shiga cin hanci ba, ko na bayarwa ko na karɓa. Kuma me na sani game da sanda a kan titi? A wajenmu, in ka ga an gitta katako mai ƙusoshi, ka san abin da ake nufi. Direba ya dunƙule hannu, wancan ya dunƙule hannu, a ja katako. Haka na gani duk tsawon rayuwata. Wa ya taɓa gaya min akwai wata irin sanda dabam?

Ba mu yi nisa ba sai ga wani babban gini ya rufe hanya, da ƙananan ɗakuna a jere, kowane da sandarsa mai ja da fari. Bulus ya sauke gilashi, Ladi ta ba shi kuɗi, ya miƙa, sanda ta ɗaga kanta. Na ce a raina, kai, mutanen nan sun ƙware, har rufin kwano sun yi wa cin hanci! Na ce, “Bulus, me ka ba shi?” Ya ce, “Mama, tolget ne.” Na ce, “Na menene?” Ya gaji, rana ta dake shi, ko waiwayowa bai yi ba ya ce, “Mama, don Allah, haka ake yi a nan.” Ku ji fa! Haka ake yi a nan. Ba ita ce maganar da kowane mai ba da cin hanci yake faɗi ba? Me zai rage shi in ya ƙara min kalma biyar? Me ya sa yaran yanzu suke ganin bayani ga tsoho ɓata lokaci ne?

Da muka tsaya cin abinci bayan mun wuce Kwatano, Ladi ta ajiye jakar a kan kujerar mota ta tafi wanke hannu. Na ɗauka, na cusa a ƙuguna, na ɗaure zane a kai. Ba sata na yi niyya ba, Allah shi ne shaidata. Dabarata ita ce, in mun kai shinge na gaba aka nemi kuɗi aka rasa, sai in leƙa in nuna furfurata in ce, “Ɗana, jika zan je gani.” A hanyar Jere na yi haka ya fi sau nawa, sai su yi dariya su ce, “Mama, wuce, ki yi mana addu'a.” Na ce yau zan koya wa Bulus yadda ubansa yake tafiya.

Muka kai shinge na biyu. Bulus ya miƙa hannu ya ce, “Ladi, kawo.” Ta duba cinyarta, ta duba ƙasa, ta duba jakar hannunta. Babu. Na sauke gilashina na yi gaisuwata mai kyau. Ashe wata mata ce a ɗakin, da rigar aiki, ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci. Ta dube ni, ta nuna wani allo da yatsa. Bulus ya miƙa naira, ta girgiza kai. Motoci sun taru a bayanmu, ba gaba ba baya, hon ta ko'ina kamar za a tashi duniya, wani yana dukan but ɗinmu da tafin hannu. A nan ɗana ya fashe. “Ke wace irin mace ce? Abu ɗaya na ba ki! Ɗaya tak! Shekara goma sha biyar ina fama da sakacinki!” Ladi ta fita ta juye jakarta a kan kwalta, tana tsintar man leɓe da Littafi Mai Tsarki da maganin hawan jinina, tana cewa, “Baban Grace, wallahi a nan na ajiye.” Baƙi suna kallo, wasu suna dariya.

Sai wani dattijo ya sauko daga babbar motar albasa, Bahaushe ne, da farar hula. Ya biya mana, ya karɓi 'yar takarda ya sa min a hannu. Na ce, “Alhaji, kai ma kana ba su?” Ya ce, “Haba Mama, ai wannan ba na goro ba ne. Kuɗin hanya ne, na gwamnati, da shi ake gyaran titin. Ga rasit. Ko babban mutum ya zo sai ya biya.” Ya canza wa Bulus sefa kaɗan, ya hau motarsa ya tafi.

'Ya'yana, jakar nan ta zama garwashi a ƙuguna. Me ya hana ni magana? Na yi ta tambayar kaina. In buɗe baki in ce me? In ce ni ce, uwar da ake kira ta yi addu'ar buɗe taron zumunta mata, na zauna ina kallo aka tozarta yarinyar mutane a kan titi? Na ce bari ransa ya huce tukuna. Bai huce ba. Da muka tsaya shan mai, tsoro ya kama ni kada jakar ta faɗo daga zane, na shiga bayan gida na jefa ta cikin rami. Ban ko buɗe ta ba.

A bodar Togo aka ce a kawo takardar shigar mota. Bulus ya dafe kai. Ashe ya ninke ta ya sa a cikin jakar. Aka riƙe motar har washegari, kuma ba a sake ta ba sai da wani mutum ya ja Bulus gefe, na ga hannu ya dunƙule, na ga wani hannu ya dunƙule. Wannan karon na gaske ne, kuma ni na jawo shi. Muka isa Lome an riga an tashi daga sujada. Uwar mijin autata ce ta riƙe jaririn.

Yanzu ga inda kowa yake. Autata ta yafe rashin zuwanmu, amma ta daina kiran Ladi a waya. Jaririn har ya fara tafiya, ban sake ganinsa ba. Bulus ko mabuɗin gida ba ya ba matarsa, kuma duk inda dangi suka taru sai ya ba da labarin jaka, a yi dariya, ni ma in sunkuyar da kai a ɗauka tausayi ne. Kowace ƙaramar gardama sai ta koma kan wannan tafiya. Ladi kuwa ta jure shekara guda, sati uku da suka wuce ta kwashe kayanta ta koma gidan iyayenta a Samaru Kataf. Ranar da za ta tafi ta shigo ɗakina ta durƙusa, ta kama ƙafata ta ce, “Mama, a gidan nan ke kaɗai ce ba ki taɓa yi min gori a kan jakar nan ba. Allah ya saka miki.”

Asabar mai zuwa dattawan gida biyu za su zauna da Fasto a kan auren. Sun aiko cewa ni zan fara magana, tunda ina cikin motar, kuma an san ba na ƙarya. In na faɗi gaskiya, ɗana ba zai sake duban fuskata kamar da ba, Ladi kuma za ta san ƙafar wa ta kama. In na yi shiru, jikokina uku za su tashi ba uwa a gida. In fara zuwa wurin Ladi ni kaɗai? In kira Bulus tukuna? Ko in bari sai gaban dattawa in faɗa sau ɗaya kowa ya ji? Kwana huɗu suka rage, kuma kuɗin motar Samaru yana hannuna tun jiya, na kasa fita.

Me zan yi?