Rigunan Tagwayen Bushira

Jega,
Jihar Kebbi.
18 ga Afrilu, 1993.

Zuwa ga Yayata Hindu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta girmamawa da kewa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida Alhaji Mu'azu da yara da duk 'yan'uwa mazauna Shagamu. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, ya sa albarka a cinikin goro, ya karɓi azumin da muka yi. Mu nan lafiya lau muke, sai zafi da ya tsaya mana a ka. Albasa ta yi kyau bana, duk motar da ta fito Aliero sai ka ji warinta kafin ka ga ƙeyarta, kuma direban ɗaya daga cikinsu ne zai kawo miki wannan takarda. Idan kin ga gogewa a sama wajen adireshi kada ki damu, hannuna ne har yau bai saba ba, Jihar Sakkwato na fara rubutawa sannan na tuna an yanka mana tamu.

To Yaya, gyara zama, in kina tsaye ki nemi tabarma. Bushira ta sauka lafiya, kuma ba ɗaya ba, biyu! Namiji da mace, Hassan da Hussaina. Da hantsi abin ya zo, a ɗakina. Namijin ya fito da kukansa, ni har na buɗe baki zan rangaɗa guɗa, sai ungozoma ta daka mini tsawa wai in riƙe guɗata tukuna, akwai wani a hanya. Ban san lokacin da na zauna daɓas a ƙasa ba. Da macen ta iso kuwa na yi guɗar da har maƙwabtan bayan masallaci suka ce sun ji. Ƙanana ne, amma sumul, suna kama nono ba wasa. Hassan ya kwaso goshinki ɗin nan da muke tsokanarki da shi tun muna yara, saboda haka angonki ya iso, kuma ba ki da bakin musu. Maijego tana wankanta safe da yamma, tana shan kunun kanwa, jikinta yana dawowa. Mijinta Waliyyu ya bar albasarsa a gona can garinsu Aliero ya zo a kan babur, hula a karkace, yana ta washe baki kamar shi ya yi naƙudar.

Yanzu bari in ba ki labarin saƙonki, don shi ne ya hana ni sukuni, kuma shi ne dalilin tsawon takardar nan. Farin yadin nan mai laushi da dunƙulen koren zaren siliki da kika aiko kafin azumi sun iso hannuna, tare da saƙon cewa in ɗinka wa baƙon da yarinyar wajena take jira. Na yi dariya ni kaɗai. Yarinyar wajena! Ke kika haife ta, amma saboda 'yar fari ce har yau bakinki bai taɓa kama sunanta ba, tun ranar da aka yaye ta aka ɗora mini ita a baya. Ban ga laifinki ba, haka muka taras ana yi. Sai dai ki sani, ita ma a wajenta ke ce kawai Ta Shagamu, kuma wannan ne karo na farko da wani abu ya fito daga hannunki da niyyarta ita kaɗai. Da na nuna mata yadin sai ta shafa shi ta sake shafawa, ta tashi ta fita.

Kin san ba a yi wa ciki ɗinki a fili, balle cikin Bushira, wadda ɗanta na fari ya koma bai ko fara zama ba. Ga kuma Gwaggo Tamu a gidan, wadda idonta ya raunana a kan komai ban da abin da ba a so ta gani. Don haka a ɓoye na yi aikin, da rana tsaka idan azumi ya kwantar da kowa, ina jin tafiyarta sai in tura shi ƙarƙashin matashi in ɗauki tsintar wake. Na ɗinka 'yar riga da hula, ragowar yadin na kalmashe bakinsa ya zama mayafin lulluɓe jariri. Sannan na zauna na yi wa wuyan rigar da kewayen hular surfani da zaren nan naki, ganye-ganye masu kauri, cike taf, sai da zaren ya ƙare tas. Ba yabon kai ba, Yaya, tun da na fara riƙe allura ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. Nakan fito da shi in kalla in mayar, ina ta ƙiyasta yadda matan Aliero za su riƙe baki ranar suna.

Sai ga jarirai biyu, riga ɗaya. Washegarin haihuwa na fito da kayan da rawar jiki, na shimfiɗa su a gaban maijego. Gwaggo Tamu ta jawo su kusa da hancinta ta duba, ta fara da yi mini faɗan ɗinkin ɓoye, sannan ta tambaye ni wanne daga cikin biyun nake shirin ɓata wa rai. Ta ce tagwaye ba a yi wa ɗaya a bar ɗaya, ko tsinke ne sai an ba su iri guda, in ba haka ba wanda aka bari ya yi fushi, mai sauƙin fushin ya turo maka kunama, mai zuciyar kuwa ya juya ya koma inda ya fito. Na san malamai suna cewa camfi ne, ni ma a bakina haka nake cewa. Amma da na dubi fuskar Bushira na ga yadda ta jawo yaran jikinta, na san ba a kan 'ya'yanta zan gwada gaskiyar maganar ba.

Yadi bai zama matsala ba. A ranar na sa almakashi na yanka mayafin, ya ba ni riga da hula na biyu, har na rage ta farkon don dama na yanka ta da girma, ina zaton ƙaton jariri guda za a haifa. Zare ne ya tsaya mana. Na ba Waliyyu ɗan guntun da ya saura a hancin allura na ce ya nemo irinsa. Bawan Allah ya zaga kasuwar Jega rumfa-rumfa, ya koma Aliero, ya wuce har Maiyama wajen masu ɗinkin hula, ya dawo da yamma fuska duk gumi, aljihu cike da zare. Yaya, da kin ga abin da ya zube mana! Wani koren ganyen albasa, wani na darbejiya, wani ma shuɗi ne ƙiri-ƙiri. Da na yi magana sai ya ce shi a ganinsa kore ai kore ne. Na ce masa to shi ya sa aka bar shi da gona ba a ba shi allura ba. Ko ɗaya bai yi kama da naki ba, naki yana da wani sheƙi da ba a kawo irinsa nan.

Ina cikin wannan mita sai Bushira ta yi magana a hankali, ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce in bari kawai, in ninke kayan in sa a akwati, kada kowa ya sa, a yi suna da rigunan kanti da dangin uban suka kawo. Ta ce dama ita ba ta saba samun abu daga can ba, ba komai. Wannan ba komai ɗin ya soke ni har cikin rai. Na goya yarinyar nan, na yi mata aure, na san muryarta idan tana haɗiye kuka. Na shiga ɗaki na zauna da rigar a cinyata, raina a ɓace, ina jin haushin zaren, da kasuwar Jega, har da ke kanki da ba ki aiko dunƙule biyu ba, kamar ke kika san abin da ke cikin.

Ina murza guntun zaren nan a yatsa don takaici sai na ga ya buɗe, ashe sili biyu ne aka murɗe wuri guda. Nan take na ga hanya, sai dai hanyar tana nufin in warware surfanin da na ƙare azumi a kansa. Na ɗan yi jinkiri, ba zan ɓoye miki ba, har na kai allura na janye. Daga baya na yi bisimilla na fara zare shi da bakin allura, ɗinki bayan ɗinki, a hankali don kada ya tsinke. Gwaggo Tamu ta leƙo ta ga abin da nake yi, sai ta je ta ɗauko tsohon mazarinta na kaɗi da allinta. Ni ina warwarewa, ita tana shafa alli a yatsu tana raba silin biyu, tana naɗe kowanne daban. Zaren ya fito a lanƙwashe, muka jiƙa shi muka naɗe a jikin kwalba muka ajiye a rana har ya miƙe. Tsohuwar nan da ke cewa ba ta ganin ƙofar ɗaki, ko sili ɗaya ba ta tsinka ba, tana yi tana ba ni labarin tagwayen da aka yi a Gehuru da can, masu hana tukunya tafasa idan an ɓata musu.

Daga nan na shiga ɗinki ba ji ba gani. Tuwo ma maƙwabta suka karɓe mini, masu zuwa barka suna gaishe ni ina amsawa da allura a baki. Dabarar da na yi ita ce ban gama ɗaya na koma ɗaya ba. In na yi ganye guda a wuyan wannan sai in ajiye in yi ɗan'uwansa a wuyan waccan, don kada hannuna ya sauya, kuma in zaren zai ƙare ya ƙare musu tare. Ana gobe suna da la'asar na cije zaren ƙarshe, yatsana ya kumbura, wuyana ya ƙage. Gwaggo ta ce ba ta yarda ba sai ta gwada ni. Ta juya mini baya ta cakuɗa rigunan da hulunan a ƙarƙashin faifai, ta buɗe, ta ce in nuna mata ta farkon. Na duba gaba, na juya ciki, na kai su haske, wallahi na kasa. Sai ta yi dariya har da tafi, ta ce tunda mai ɗinkin ta kasa, masu sawar ma ba su da abin cewa.

Gaskiya surfanin bai kai na farko cika ido ba, ya fito siriri, ganyen kamar sabon tsiro. Amma ranar suna da aka yi musu aski aka kawo su, farare tas da kore a wuya, gidan ya kaure da guɗa. Mata sun cika tsakar gida, na Aliero da na Birnin Malam da 'yan'uwanmu na Sarandosa, ana ta karɓar yaran hannu zuwa hannu. Sai wata gwaggon Waliyyu ta ɗaga bakin rigar Hussaina ta tambaya wane kanti aka samo wannan. Ni na gyara murya zan karɓi yabona, ai kin san hali. Kafin in buɗe baki Bushira ta riga ni. Daga inda take zaune a bakin gado, da murya sarai kowa yana ji, ta ce Innarta ce da ta haife ta ta aiko musu tun daga Shagamu, Inna Adama ta ɗinka. Mata suka shiga kallon juna, don ba wanda ya taɓa jin ta kira ki haka. Ni dai na fake da cewa hayaƙin girki ne ya shiga idona na fita waje. Na ji ɗan kishi, ba zan yi miki ƙarya ba, amma daɗin da na ji ya fi shi nesa ba kusa ba.

Saboda haka Yaya, ga roƙona, kuma ba na son jin zancen nisan hanya ko damina ta kusa. Ki roƙi Alhaji ya bar ki ki zo kafin ta gama wanka ta koma ɗakinta. Jarirai ba sa jira, rigunan nan yau ne gobe sun matse su, ina so ki gan su a ciki da idonki. Kunyar 'yar fari ba ta hau kan jikoki ba, waɗannan kina da damar ɗaukarsu ki yi musu rawa a tsakar gida ba mai cewa kin yi rashin ta ido. In kin zauna kusa da su kuwa, dole kin zauna kusa da uwarsu.

Ki gaishe mini da Alhaji Mu'azu da kyau, da Usama da Hafizu da 'yar autarki Amira, ki ce musu sun zama kawunnai da inna. Maigidana Malam Rufa'i yana gaishe ku yana yi muku barka. Gwaggo Tamu ta ce a gaishe ki, wai kuma kada ki zo mata hannu sake ba goro. Waliyyu yana miƙa gaisuwar surukuta. Da na zo rufe takardar na tambayi maijego ko in sa gaisuwarta cikin ta mutanen gida kamar yadda na saba, ta ce a'a, in rubuta tata daban, da sunanta. To ga shi na rubuta: ɗiyarki Bushira tana gaishe ki, kuma ta ce tana duban hanya.

Wassalam. Ni ce ƙanwarki mai ƙaunarki,
Adama.