Saniyar Babanmu Ta Zama Baƙuwa

Assalamu alaikum Malam. Don Allah ka taimake ni da shawara, kaina ya kulle.

Ni malamin firamare ne a Kanya Babba, amma gidanmu na makiyaya ne a ƙasar Babura. Shekara bakwai ke nan da mahaifinmu ya ba amininsa Baffa Daudu, wanda ke tsallaken iyaka wajen Magarya, aron karsana. Mu haɓɓanaye muke kiransa: ka riƙe ta har ta haifa maka sau uku, maruƙan naka ne, sannan ka mayar da uwar. A zamanin su Baba ba wanda ya damu da iyaka. Da rani shanun Baffa a rijiyarmu suke sha, da damina namu su haura can. Har yau ina jin ƙamshin man shanun da matarsa kan aiko wa Innarmu.

Baba ya rasu bara waccan, garken ya watse a rabon gado. Yanzu Baffa ya aiko cewa saniyar ta cika haihuwa uku, a zo a karɓa, ba ya son ya mutu da amana a wuyansa. Tsufa ya kama shi, ga ɓacin ran shanunsa biyu da tari ya kashe da damina. Inna Dela, mahaifiyata, tun da ta ji ta sa aka gyara turken Baba.

Na je na tambaya, aka ce mini saniyar yanzu ta ƙasar waje ce: sai da takardar likitan dabbobi, da izinin shigowa, kuma a killace ta na wani lokaci. Malam, saniyar da aka haifa a bayan ɗakinmu, da tsagar Baba a kunnenta! Halliru, ɗan ƙanin mahaifina, ya ce in bar masa, zai cusa ta cikin garkensa ya biyo daji da ita. Inna ta goyi bayansa, ta ce boko ne ya sa mini tsoro. Yaya zan yi?

Ɗan Makiyayi, Babura

Wa alaikumus salam Ɗan Makiyayi. Allah ya jiƙan mahaifinka.

Na yi dariya, na kuma tausaya. Na karanta littattafan tarihin iyakar nan da dama, ban ga inda Turawan da suka shata ta suka nemi ra'ayin saniya ba. Inna tana da gaskiya: wannan ba baƙuwa ba ce, kuma zumuncin Baba da Baffa ya girmi kowane hatimi.

Amma koma ka karanta wasiƙarka. Ka ba man shanu jimla guda, ka ba shanu biyun da tari ya kashe rabin jimla. To ni a nan idona ya tsaya. Ciwon huhu bai san tsagar kunne ba. Mu da muka ga annobar shanu ta bushiya a 1983 a ƙasar Roni, muka ga dattawa tsaye a kan mushen garkensu, ba ma raina likitan dabbobi, ko da ofishinsa ya sa mu zarya. Halliru jarumi ne, amma garkensa yake shirin sakawa a caca, da na duk wanda suke shan rijiya ɗaya. In kuma aka kama ta a daji, ka rasa saniya, Baffa ya rasa mutunci.

Ga shawarata. Faɗa wa Inna zancen tarin nan. Matar makiyayi ce, za ta riga ka ganewa. Sannan ka ɗauke ta ku tafi Magarya a motar kasuwa, don mutum ya fi saniya sauƙin tsallakawa. Ta shafa kan saniyarta, kai kuma ka ce wa Baffa a gaban shaidu kun karɓi amana, ta fita daga wuyansa. Daga nan a kira likita ya duba saniyar, a bi takardu a hankali.

Saniya za ta iya jiran hatimi, turke ma haka. Baffa Daudu ne ban da tabbas a kansa. Kada Juma'a biyu su wuce ba ku je ba.

Allah ya kai ku lafiya, ya sa turken Baba ya sake ganin maraƙi.