Firaimar Rifkatu

Zuwa ga Maman Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, a can inda kike hutawa. Yau Lahadi. Ban je coci ba, ƙafafuna sun kumbura, numfashi kuma sai a hankali. Na sha maganin safe, kunun ma rabi na iya sha.

Labarin 'yarki zan ba ki. Rifkatu tana haɗa gwajin ciwon hanta, ciwon da ya ɗauke ki, don asibitocin gida, can ƙasarmu. Yanzu tana kan ƙera firaima. Kin sha jin kalmar a bakina. Ɗan guntun zaren DNA ne da ake sakawa ya manne a wuri ɗaya tak a jikin ƙwayar cutar, sai na'ura ta yi ta kwafar wurin har ya bayyana. In ya manne inda bai kamata ba, sai a ce wa lafiyayye yana da ciwo. In ya kasa mannewa, sai a sallami mara lafiya ya koma gida.

Kin tuna teburin cin abincinmu a Jos, ina jera haruffan DNA na ƙwayar cutar layi bisa layi, ina bi da rula da jan biro? Kina cewa, "Malam, ko ka kwashe takardunka, ko ka ci tuwo a tsaye." Yanzu kwamfuta ke yin aikin. Rifkatu ta zuba haruffan firaimarta, kafin ruwan shayi ya tafasa an gwada su da duk abin da ke rumbun bayanai. Ta ce mini a waya, "Baba, sun fito tsaf."

Nan damuwata take. Rumbun nan abin da aka zuba masa kaɗai ya sani. Cutar da ke yawo a can ƙasarmu tana da nata bambancin, ban kuma san yawan samfurinta da aka zuba ba. Harafi ɗaya in ya saɓa a bakin wutsiyar firaima, ya isa ya hana ta mannewa. So nake ta ware samfuran gida, mu jera su, mu duba wutsiyar nan da ido kafin ta aika a haɗa mata gobe.

Na soma yi mata bayani, ta ce tana tuƙi, za ta taso daga gidanta a garin Woodbridge zuwa wurina nan Largo bayan la'asar da kwamfutarta. Na share tebur, na goge tabarau.

Ke ce kika iya zaunar da ita. Kallo ɗaya kike mata ta ajiye jaka. Ni sai ta shafa kaina ta tambaye ni ko na sha magani. Ina kewarki, Ladi, yau fiye da kullum.

Allah ya ƙara miki hutawa, ya tsare duk wanda za a ɗibi jininsa a gwada. Amin.

Mijinki,
Bitrus

Ƙari: Rifkatu ba ta zo ba. Ta turo saƙo cewa hanya ta cushe, ta juya gida. Ta ce kada in damu, ta riga ta aika.