Rigar da Ka Ba Likita

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, ruwan farkon damina a kan busasshiyar ƙasar zuciyata, lamba tarana da babu kamarsa ko da duk jaridun duniya sun ce akwai. Ina gaishe ka gaisuwar da ta fi ihun 'yan kallo yawa, ta fi shi daɗewa a kunne.

Barka da arziki, masoyina! Ƙasa ta kira ka bayan kowa ya ce shekarunka sun wuce, ka shigo daga benci ana dab da tashi, ka sa kai ka girgiza raga. Wallahi na yi tsalle a falonmu har na zubar wa Baba da shayinsa. Murnar kuwa ba ta gama sauka a ƙirjina ba, sai ga abin da ya sa na ɗauki biro yau. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe. Ni malama ce, ban iya tsallake darasi ba.

Ka tuna yadda muka haɗu? Lokacin kulob ɗinka na farko ya sallame ka, kana zuwa filin makarantarmu kana atisaye kai kaɗai bayan an tashi. Ƙwallonka ta faɗo ta tagar ajina, ta kifar da kwalin alli, ka shigo kana haki, kana tsince allin ɗaya bayan ɗaya kana ba ni haƙuri, hannunka fari fat. Daga baya, da magana ta yi nisa tsakaninmu, ka yi mini alkawari biyu a ƙarƙashin bishiyar bakin ƙofa. Ka ce, "Malama, duk ƙwallon da na ci zan ɗaga yatsa in yi rubutu a iska, ki san gajiyar allo nake goge miki. Kuma duk inda na je, rigar wasana na farko taki ce."

Ka cika, ban musa ba. Riguna bakwai ke rataye a kabad ɗina, kowace da hangarta. Akwai ja ta garin bakin teku inda aka ba da kai aro. Akwai shuɗiya ta garin sanyin nan da ka ce ko yatsunka ba ka ji. Akwai mai ratsi ta kulob ɗin da ya faɗi daga gasar kai kuma aka sayar da kai tun kafin ka haddace hanyar gidanka. A ajina kuwa, taswirar da nake koyar da labarin ƙasa da ita duk ta yi huji saboda allurar da nake sokawa a kowane garin da ka sauka. Ɗalibaina sun fi sanin tekuna da tsaunuka ta hanyar yawonka fiye da ta littafi. Inna ma ta daina kiran ka da komai sai "mai jaka a kafaɗa."

Kuma na yi kishi a duk tsawon shekarun nan, ko ka sani? Na yi kishin tambari bakwai da ka sumbata a ƙirjinka, kowane kana rantsuwa a gaban 'yan jarida cewa yanzu ka iso gida. Gida nawa ke gare ka, ya kai shamuwar da ba ta shekara a bishiya ɗaya? Na yi kishin tsofaffin kulob ɗinka, waɗanda idan ka ci su kake sunkuyar da kai ka ƙi murna don girmamawa. Yaya ya ce idan ka ƙara kulob biyu, sai dai ka riƙa cin ƙwallo kana ba da haƙuri har ka yi ritaya. Na yi kishin dillalinka da wayarsa ba ta taɓa shiga ka ƙi ɗauka ba. Na yi kishin ciyawar fili, na yi kishin jirgin sama! Amma duk na haɗiye, domin duk sa'ad da raga ta motsa, yatsan nan yana tashi sama yana rubutu, ni kuma in san cewa a cikin dubban mutanen da ke kiran lambarka, da ni kaɗai kake magana.

To ina yatsan ya shiga ranar wasan ƙasa?

Na zuba wa talabijin ido, hannuna a ƙirji, ina jira. Ƙwallon da ta fi kowace girma a rayuwarka, rigar da muka yi shekaru muna roƙon Allah ya sa ka saka. Sai na ga ka juya da gudu, ka wuce abokan wasanka, ka wuce koci, ka tuɓe rigar, alƙalin wasa na bin ka da katin gargaɗi, ka je gefen benci ka durƙusa ka miƙa ta da hannu biyu ga likitar tawaga. Da hannu biyu, masoyina! Ita kuma ta rungume rigar tana share hawaye, kyamara ta tsaya a kanta kamar an kafe ta. Yaya ya juyo ya ce, "Malama, yau alli ya ƙare ke nan?" Baba kuwa sai ya rage muryar talabijin, kuma wannan ya fi zolayar Yaya zafi.

Na ji bayaninka a waya, kuma gaskiya ne. Ita ta tsaya a kan gwiwarka bayan tiyata, lokacin da kowa ya ce ka rataye takalmi. Ita ta lanƙwasa ƙafar, ta miƙe ta, ta sa ka taka kana cizon leɓe. Ka ce da ni, "Haba Malama, baiwar Allah ce fa mai aure da 'ya'ya, godiya kawai na yi." Na sani. Ni da nake koya wa yara su gode wa wanda ya yi musu alheri, ina zan kai fuskata in ce ka yi laifi? Hankalina ya ba ka maki cikakke. Zuciyata ce ta ƙi sa hannu a sakamakon. Ita ta gyara gwiwa, to wa ya riƙe sauran jikin? Wa ya saurari kukanka a waya lokacin da ka ce ba ka da amfani? Wace ce ta ce wa manema uku su yi gaba, tana jiran wanda adireshinsa ke canjawa kowace kakar wasa?

Yanzu ga shi ƙwallon nan ta sa wani kulob na ƙetare yana neman ka, dillalinka na rawar jiki, ƙarshen kakar nan kuma shi ne lokacin da kawunka ya yi wa Baba alkawarin zuwa a tsayar da ranarmu. Sau biyu kasuwar 'yan wasa tana cinye mana wannan zuwan. Baba ya ce da Inna, ina ji, ba zai sake share falo don baƙin da ba sa zuwa ba. Ka san shi, ba ya maimaita magana.

Ba na ce ka bar ƙwallo ba, ya kai inuwata a tsakar rana. Wa ke hana kogi gudu? Ka je kulob na tara, ka je na goma, ka sumbaci tambarinsu ina kallo ina cizon yatsa. Amma kafin ka rattaba hannu a kowace takarda, ka turo kawunka, kai ma ka biyo bayansa. In tafiya ce, a tafi da ni. Akwai yara masu neman malama a kowane garin da allurata ta soka.

Na sayi hanga ta takwas tun ranar da aka fitar da sunayen tawagar ƙasa, tana nan a kabad babu komai a kanta, tana lilo duk sa'ad da na buɗe ƙofar. Kada ka je ka roƙi likita ta dawo da kyautarta, wannan ba hali ba ne, kuma ba zan karɓa ba. Ta riƙe rigar, ta cancanta. Ni mai rigar nake so. Hangar kuwa zan bar ta haka, sai ranar da ka shigo da ƙafarka ka cire rigar da ke jikinka ka rataye, ka ajiye jakar nan a ƙasa.

Taka da ba a ba da ita aro, ba a sayar da ita, ba ta kuma canja launi komai daɗewar kaka,

Malamarka.