Kotu ta wanke mijina na farko, ni kuwa ina ɗakin wani

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Ku yi haƙuri da rubutuna, sai da na haifi 'ya'ya biyu na shiga makarantar yaƙi da jahilci. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni 'yar Daura ce. Mijina na farko bakaniken babur ne, mai baki, ni ma haka nake, shi ya sa zamanmu ya yi daɗi. Wata shekara aka ga watan Sallah a Nijar, mu nan ba a sanar ba, shi kuwa ya ajiye azumi ya tsallaka wajen dangin uwarsa ya yi idi. Da ya dawo aka tare shi a teburin mai shayi wai ya ci azumi, ya ce wata bai san boda ba. Gardama ta yi zafi har ya ce in dai jiran sanarwa ne addininsu to shi ba ya ciki. Kalmar nan aka kai kotun shari'a. Alƙali ya ce ridda ce, ya ɗaure shi, ya raba aurenmu. Na miƙe na ce ni ban roƙi kowa ya raba ni da mijina ba, aka ce a fitar da ni, aka fitar.

Na yi idda, na kama tuyar awara ina ciyar da yara. An ɗaukaka ƙara, shekara ta bi shekara, shiru. Daga baya wani mai sayar da hatsi a Mai'adua ya nemi aurena. Ba wanda ya tilasta ni, ni na ce na yarda, na gaji ne. Mutumin kirki ne, ya riƙe min yarana, yanzu haka ina goyon 'yarsa.

Watan jiya babbar kotu ta rushe hukuncin gaba ɗaya, ta ce bai aikata laifi ba, a sake shi ya tafi inda ya ga dama. Ya sauka gidan yayana ya aika a kira ni. Ya rame, ya yi furfura. Bai yi faɗa ba. Ya ce shi dai bai taɓa sakina ba, kuma tunda an ce bai yi ridda ba, to me ya raba mu? Sai ya leƙa bayana ya tambayi sunan yarinyar.

Mijina na yanzu ya daina shiga ɗakina, ya ce yana tsoron Allah, sai malamai sun yi magana. Malami ɗaya ya ce aure na biyu yana nan tunda da hukuncin alƙali aka ɗaura, wani ya ce na farko bai mutu ba. Lauya ya ce babbar kotu ba ta taɓa zancen aure ba, sai dai in shigar da sabuwar ƙara, a kotun nan da aka fitar da ni.

Ni da aka sani da baki, ko kuka ban yi ba. Ina girki, ina wanki, ina ba yarinya nono. Yayana ya ce to ke wa kike so, na tashi na koma kan wankina.

Ku faɗa min, in koma kotun ko in zauna? Matar wa ce ni? Kuma yarinyar nan, in aka ce auren farko bai mutu ba, me za a riƙa kiranta a gari?