Sabon Kai a Tsohon Inji

Gwammaja, Kano, Nuwamba 1955

Takarda daga Jibrin zuwa ga yayana Hamma Yero a Jos. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Inna tana gaishe ka, matata Uwani ma haka.

Bayan haka, motar marigayi Baffa ta kai ni maƙura. Kakar gyaɗa ta buɗe, Alhaji Ado mai awo ya kira ni rumfarsa ya ce, "Jibrin, ban ƙi ka ba, amma kafin ka kawo lodi ɗaya daga Ɗambatta, Sule ya kawo biyu a sabuwar motarsa. In ba za ka iya ba, ka faɗa tun da wuri." A gaban 'yan dako ya faɗa, har wani ya ce a ɗaura wa motata jaki ya taimaka mata.

Na leƙa injin Sule. Kamfani ɗaya ya ƙera shi da namu, sai dai namu tun kafin yaƙi ne. Na auna da zare, ramukan noti na kan injin daidai suke. In na sami sabon kan inji da kafireto irin nasa na ɗora a kan namu, ƙarfi zai zo. Kai da kake garejin masu haƙar kuza, ba za ka rasa na wata motar da ta yi haɗari ba.

Kada ka ce in sayar. Shanun gidanmu kaf Baffa ya kaɗa ya sayi motar nan. Ba zan kai wa maƙera ita su yi fartanya ba.

Ƙanenka, Jibrin.

*

Jos, Disamba 1955

Zuwa ga ƙanena Jibrin. Aminci da yarda. Ka durƙusa ka gaishe mini da Inna.

Na karanta takardarka sau biyu. Gaskiya ne noti zai shiga raminsa, amma shigar noti ba ita ce dacewa ba. Sabon kai yana matse wuta fiye da tsoho. Wutar nan zafi ce, lagireton motarmu kuwa ƙarami ne, an yi shi ne don inji mai tafiya a hankali. Ruwansa ba zai iya sanyaya sabon zafin ba.

Na so in ƙi. Amma na san halinka tun kana yaro, in ban aiko ba za ka je Sabon Gari ka ɗauko fasasshe. Saboda haka na sa kayan a jirgi, ka karɓa a tasha. Sharaɗina biyu: kada ka tayar da injin sai ka sami babban lagireto, kuma kada ka yi tsere da kowa. Abinci kake nema, ba suna ba.

Haza wasalam. Yero.

*

Gwammaja, Janairu 1956

Hamma, gaisuwa da godiya mai tarin yawa!

Sabon kan ya zauna ɗaram a kan injin, kamar tare aka haife su. Da na tayar da motar a ƙofar gida, mata suka leƙo ta kan katanga, Inna ta ce, "Wannan ba muryar motar Baffanku ba ce." Na ce, "Inna, ƙuruciya ta dawo mata."

Ranar Laraba na wuce Sule da cikakken lodi. Na ga bakinsa a buɗe. Yanzu sawu biyu nake yi, Alhaji Ado ya koma kirana "Jibrin na Baffa".

Maganar lagireto, na zaga ban samu ba tukuna. Ina tafiya da garwar ruwa biyu, in ta yi zafi in tsaya in ƙara mata. Kaka na wucewa zan nema da gaske. Kada ka damu, kunnena yana kan injin.

Naka, Jibrin.

*

Gwammaja, Fabrairu 1956

Daga Uwani zuwa ga Yaya Yero. Malamin unguwarmu ne yake rubuta mini. Ina gaishe ka da girmamawa.

Yaya, ba lafiya ba. Ƙanenka yana asibiti.

Abin da Sule ya faɗa mana ke nan, don shi ya kawo shi. Sun taso daga Ɗambatta da rana tsaka, ƙanenka a gaba. Kafin su iso gari motar ta fara tururi, ya tsaya gefen hanya. Ka san akan jira ta huce. To, sai ya hango motar Sule tafe, bai so a wuce shi yana tsaye ba. Ya naɗe hannu da tsumma ya murɗe murfin lagireton. Tafasasshen ruwan ya yi tsiri ya same shi a fuska.

Sule ya ce da ya sauko ya tarar da shi durƙushe a kan titi yana lalube, yana cewa, "Ina garwar? A ba ni garwar in zuba." Bai san idonsa ne ya ƙone ba. Sule ya ɗauke shi ya sa a gaban motarsa har asibiti, yana kuka kamar ɗan'uwansa.

An naɗe masa kai duka. Fatar za ta warke, in ji likita. Da na tambayi idon, ya ce a yi addu'a. Inna mun ce mata ƙuna ce kawai. Kullum sai ta dama fura ta ce a kai masa, ba ya sha.

Motar tana can inda ta tsaya. An ce injin ya tsage, har an fara kwance tayoyin. Ƙanenka bai tambayi motar ba ko sau ɗaya, wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Allah ya sa mu ji alheri. Uwani.

*

Jos, Fabrairu 1956

Jibrin, ƙanena. A karanta maka wannan a hankali.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na nemi izini a wurin aiki, sun ce sai ƙarshen wata. Na ce musu su riƙe aikinsu. Ka faɗa mini abin da kake so in zo da shi. In motar ce, zan jawo ta har ƙofar gida in mayar mata da tsohon kanta.

Allah ya ba ka lafiya. Yero.

*

Kano, daga asibiti

Hamma, gaisuwa. Sule ne yake rubutawa, ni nake faɗa.

Bar motar. Kada ka zo da komai.

Ranar Asabar da hantsi za a kwance mini ƙyallen. Na ce kada Uwani ta zo, kada a kawo Inna. Kai nake so ka tsaya a gabana. In na gani, kai zan fara gani. In ban gani ba, kada ka yi magana, ka kama hannuna mu tafi gida.

Wasalam. Jibrin.